ANTON DE BARY, LIKITAN DA YA BAR JIYYAR MUTANE YA KOMA BINCIKEN CUTAR SHUKA

Babu manomin dawa a ƙasar nan da bai san burtuntuna ba. Ga zangarniya ta fito kamar ta kirki, amma in aka murza sai a ga baƙin gari maimakon tsaba. In aka tambayi yaron makaranta yau abin da ke kawo ta, zai ce wata 'yar halitta ce dangin funfuna, wadda ke bin iri ta shiga jikin dawa tun tana tsiro, ta yi ta cin abincinta. Amsar ta yi sauƙi ƙwarai a bakin yaro, amma shekaru ɗari biyu da suka wuce manyan masanan Turai ba su yarda da ita ba. Su a ganinsu shukar ce ke fara rashin lafiya, ruwan jikinta ya lalace, sa'an nan funfunar ta tsiro daga cikin wannan lalataccen ruwa. Mutumin da ya fi kowa aikin rushe wannan zato shi ne wani Bajamushe ana ce da shi Anton de Bary. Shi ne kuma ya yaɗa kalmar da masana ke kiran zaman tare na halittu iri dabam dabam da ita har yau. Labarinsa za mu kawo wa masu karatu, musamman malaman da ke koyar da ilmin halitta da aikin gona.

An haifi Heinrich Anton de Bary ran 26 ga Janairu 1831 a birnin Farankfot ta ƙasar Jamus. Ubansa likita ne, kuma su goma aka haifa a gidan. Tun yana yaro ya shiga bin wasu dattawan garin masu sha'awar tsirrai zuwa daji, suna tsinto ganyaye da gansakuka da naman kaza suna dubawa. Cikinsu akwai wani likita, Georg Fresenius, wanda ke koyar da ilmin tsirrai a garin, shi ya nuna wa yaron yadda a ke aiki da madubin nan mai ƙara girman ƙananan abubuwa. Da ya gama makarantar garinsu sai ya bi sawun ubansa ya shiga karatun likita, ya yi Heidelberg, ya yi Marburg, ya ƙare a Balin, inda ya sami digirinsa cikin 1853. Amma ko littafin da ya rubuta don neman digirin likitan, a kan yadda tsirrai ke hayayyafa ya yi shi. Da ganin wannan an san inda zuciyarsa ta ke.

Ya koma gida ya fara duba marasa lafiya, bai daɗe ba ya ajiye. Ya tafi jami'ar Tübingen ya zama ƙaramin malami a ƙarƙashin wani shahararren masanin tsirrai, Hugo von Mohl. Watakila mutanen Farankfot sun yi asarar likita, amma mu dai ba mu ga abin baƙin ciki ba a wannan sauyi.

A wannan shekara ta 1853, yana ɗan shekara 22, ya buga littafi a kan burtuntuna da tsatsar hatsi. A lokacin maganar wani masani Franz Unger ita ke da ƙarfi, wanda ya rubuta cikin 1833 cewa waɗannan abubuwa kamar ƙuraje ne da ke feso wa shuka daga ciki. De Bary ya yi ta yanka ganye sirara sirara yana sa wa a madubi, ya ga zaruruwan funfunar suna ratsa tsakanin ɗakunan jikin ganyen, ya ga kuma suna da jikinsu dabam, suna fid da irinsu dabam, ba su haɗa asali da shukar ba ko kaɗan. Sai ya yanke cewa baƙi ne suka shigo daga waje, su ne sanadin cutar. Wasu kafinsa sun faɗi haka, kamar Prévost wanda ya nuna shi game da wata burtuntunar alkama tun cikin 1807, amma ba a saurare su ba sosai.

Cikin 1855 aka kira shi jami'ar Freiburg ya gaji kujerar Carl Nägeli, yana da shekara 24 kawai. Can ya yi wani abin da ba a saba ba a fannin tsirrai. Maimakon ɗalibai su zauna su saurari lacca su dubi busassun ganyaye a cikin takarda, sai ya buɗe ɗakin bincike inda kowane ɗalibi ke da tebur da madubi, ya shuka abin da zai duba da hannunsa, ya bi shi kullum. Ka'idarsa ita ce, ba a cewa an san wata halitta sai an bi ta tun daga ƙwayar iri har ta girma ta sake fid da wata ƙwayar irin. Wannan ka'ida ce mabuɗin dukan abin da ya gano daga baya. A Freiburg ɗin ya auri Antonie Einert cikin 1861, suka haifi 'ya'ya huɗu.

CUTAR DANKALI

Sai mu ɗan koma baya. Cikin damina ta 1845, de Bary na ɗan shekara 14, wata cuta ta faɗa wa dankalin Turawa a ƙasashen Turai. Ganye ya yi ɗigo ɗigo baƙi, cikin 'yan kwanaki gona ta zama kamar an babbake ta, in an tono dankalin a tarar ya ruɓe, ko kuwa a adana shi lafiya lau ya ruɓe a ma'aji. Inda abin ya fi muni shi ne tsibirin Ayalan, domin can talakawa ba su da wani abinci sai dankali. Cutar ta maimaita shekara bayan shekara. Mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu da yunwa da cututtukan da ke bin yunwa, wasu fiye da miliyan suka yi ƙaura, yawancinsu zuwa Amurka, daga cikin jama'ar da ba ta wuce miliyan takwas da 'yan kai ba. Gaskiya ba cutar kaɗai ta kashe su ba, don ana cikin yunwar ana ta fid da hatsi da dabbobi daga tsibirin zuwa Ingila, hukumar Landan kuwa ta yi nauyin jiki wajen agaji. Amma wannan wani zance ne dabam.

Masana suka rabu biyu. Wani limamin ƙauye a Ingila, M. J. Berkeley, wanda ya ƙware da sanin funfuna, ya tsaya cewa farin abin nan da ke bayan ganyen shi ke kashe dankalin. Shaihun malami John Lindley da jama'a da yawa suka ce sam, yawan ruwa da sanyi ne suka ruɓar da shukar, funfuna kuwa ta zo cin mushe ne kawai, kamar yadda ta kan hau tuwon da ya kwana biyu. Kowa da hujjarsa, don lalle cutar ba ta tashi sai in an yi ruwa da sanyi. Gardama ta yi shekaru ba wanda ya kā da wani.

De Bary ya shigo maganar da halinsa na bin abu daki daki. Ya kankaro farin garin daga bayan ganye mai cuta, ya ga 'yan jakunkuna ne ƙanana masu siffar lemon tsami. Ya sa su cikin ɗigon ruwa mai sanyi a ƙarƙashin madubi ya zauna yana kallo. Can sai jakar ta buɗe, wasu 'yan ƙwayoyi suka fito suna iyo da 'yan bulalin gashi kamar talibambam. Bayan ɗan lokaci suka tsaya, kowace ta fid da zare. Da ya sa su a kan ganyen dankali mai lafiya, zaren ya huda fatar ganyen ya shige, bayan 'yan kwanaki baƙin ɗigo ya bayyana daidai wurin, farin gari ya sake fitowa. Ganyen da bai sa wa kome ba, ga shi cikin laima ɗaya da sanyi ɗaya, ya zauna lafiyarsa ƙalau. Ya nuna kuma yadda ruwan sama ke wanke ƙwayoyin daga ganye su bi ƙasa su kama 'ya'yan dankalin, da yadda zaren ke laɓewa cikin dankalin da aka ajiye don iri, har ya tashi da shi in an shuka baɗi.

Ashe kowane ɓangare na da ɗan rabonsa na gaskiya. Ruwa da sanyi ba sa kawo cutar, amma in babu su ƙwayoyin ba su da inda za su yi iyo. Ya buga wannan bincike cikin 1861, watau shekara 15 kafin Robert Koch ya nuna cewa bakteriya ce ke kawo cutar saifa ta dabbobi. Mu kan ji ana yabon Pasteur da Koch game da gano cewa ƙwayoyi ke kawo cuta, sun kuwa cancanci yabo, amma a gonar dankali aka riga kafa hujjar.

Daga baya wata ƙungiyar manoma ta Ingila ta roƙe shi ya sake duba cutar. Cikin 1876 ya raɗa wa halittar sunan da a ke kiranta da shi har yanzu, Phytophthora infestans, kalmar farko kuwa da Girkanci ma'anarta mai hallaka shuka. A nan ya yi wani abin da ya nuna halinsa. Wani Baturen Ingila, Worthington Smith, ya ce ya gano ƙwayar barcin wannan halitta, wadda ke samuwa ta haɗuwar namiji da mace, har aka ba shi lambar girma. De Bary ya duba ya ce ta wata halitta ce dabam da ta shiga cikin ruɓaɓɓen dankalin, shi kuwa ya nema bai samu ba, don haka ba zai ce ya gani ba. Sai cikin shekarun 1950 aka gane dalili, sa'ad da aka tarar a ƙasar Meziko halittar jinsi biyu ce, wadda ta ƙetara Turai a zamaninsa kuwa jinsi ɗaya ce tak. Masana yanzu sun ma cire ta daga cikin funfuna na ainihi, sun ce ta fi kusa da wasu irin gansakukar teku. Cutar dai tana nan, manoman dankali na tsaunin Jos sun san ta sarai in damina ta yi nauyi.

TSATSAR ALKAMA DA WANI ƘAYA

Binciken da ya fi burge mu cikin ayyukansa shi ne na tsatsar alkama. Tun da daɗewa manoman Turai suna cewa in akwai wani ɗan itace mai ƙaya da a ke kira barberi kusa da gona, alkama ta kan yi tsatsa. Har dokoki aka yi na sare shi, kamar wadda aka kafa a Massachusetts ta Amurka cikin 1755. Masu ilmi suka ɗauki zancen camfin ƙauyawa, don tabon da ke kan ganyen barberi ruwan ɗorawa ne mai siffar ɗan ƙoƙo, na kan alkama kuwa ja ne ko baƙi, kowanne ma da sunansa dabam a littattafai. Wani malamin makarantar ƙauye a Denmak, mai suna Schøler, ya gwada cikin 1816, ya ɗebo tsatsar barberi ya shafa wa hatsin da a ke kira rai, hatsin ya kamu. Amma wa zai saurari malamin ƙauye?

De Bary ya zo ta wata hanya. Ya ɗauki baƙaƙen ƙwayoyin da ke fitowa a karan alkama ƙarshen shekara, ya jira suka tsiro bayan sanyi, suka fid da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi. Ya sa waɗannan a kan ganyen alkama, suka ƙi kamawa. Ya sake, suka ƙi. Abin ya ɗaure masa kai, ga halitta ta fito daga alkama amma 'ya'yanta ba sa cin alkama. Nan ya tuna da maganar manoma. Ya sa su a kan ganyen barberi, suka shige, bayan kwanaki sai ga 'yan ƙoƙunan nan ruwan ɗorawa. Ƙwayoyin cikin ƙoƙunan kuma da aka mai da su kan hatsi sai jar tsatsa ta fito. Ya bayyana wannan cikin 1865. Abin da a ke kira halittu dabam dabam ashe guda ɗaya ce, tana sauya kama, tana kuma sauya masauki, wani lokaci a gidan wannan, wani lokaci a gidan wancan.

Masu karatu za su ga kamar sun san irin wannan labari, don haka ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ke yi tsakanin mutum da sauro, haka ta ciwon barci ke yi tsakanin mutum da ƙudan tsando. Waɗannan kuwa sai bayan shekara talatin da wani abu aka gano su.

Amfanin binciken ya fito a fili. Denmak ta yi dokar tumɓuke barberi cikin 1903. Amurka, bayan tsatsa ta yi mata mummunar ɓarna cikin 1916, ta fara nata tumɓukewar cikin 1918, aka hallaka itatuwa miliyoyi barkatai. Sai dai dabarar ta ƙasashen sanyi ce. A ƙasashe masu ɗumi inda a ke samun ɗanyar alkama kusan kowane lokaci, jar ƙwayar ta kan yi ta tsalle daga gona zuwa gona bisa iska ba ta bukatar barberi. Ta haka wani mugun irin tsatsar da aka fara gani a Uganda cikin 1998, wanda a ke kira Ug99, ya bazu zuwa Kenya da Habasha har ya ƙetare teku zuwa Yaman da Iran.

Cikin 1866 ya tattara abin da aka sani game da funfuna cikin babban littafi guda, cikin 1867 ya koma jami'ar Halle, ya kuma karɓi aikin shirya babbar mujallar ilmin tsirrai ta Jamus. Bayan yaƙin Jamus da Faransa na 1870 zuwa 1871, Jamusawa suka ƙwace lardin Alsace, suka kafa sabuwar jami'a a birnin Strasbourg cikin 1872 don su nuna ƙarfin ilminsu, suka zuba mata kuɗi. De Bary ya zama ɗaya daga cikin shugabanninta na farko. A nan ya zauna har ƙarshen ransa.

ZAMAN TARE

Mutumin da ya yi shekara ashirin da biyar yana kallon yadda ƙananan halittu ke cutar manya, da sauƙi ya ɗauka cewa duk inda ƙarama ta shiga jikin babba ɓarna ta zo yi. De Bary bai faɗa wannan rami ba, abin da ya tsare shi kuwa wani abu ne da kowa ke takawa bai kula ba. Akwai wani ɓawo mai launin toka ko ruwan ɗorawa da ke mannewa a kan duwatsu da jikin itatuwa, Turawa na kiransa liken. Duk wanda ya hau dutse a Zariya ko Jos ya gan shi. Da can tsiro guda a ke ɗaukarsa. Cikin littafinsa na 1866 de Bary ya kawo zaton cewa wasu daga cikinsu gansakuka ce da funfuna ta shiga. Simon Schwendener, mutumin Suwizalan, ya ɗauki zancen ya faɗaɗa shi daga 1867, ya ce dukansu haka su ke, halittu biyu ne a jiki ɗaya. Tsofaffin masanan liken suka yi masa ca, babbansu William Nylander har ya mutu cikin 1899 bai yarda ba. Amma ɗaliban de Bary suka kawo shaida, musamman Ernst Stahl, wanda cikin 1877 ya haɗa ƙwayar funfunar da gansakukar ya ga liken ya ginu.

To, wane irin zama ne wannan? Gansakuka tana da koren nan da ke haɗa abinci da hasken rana, funfuna ba ta da shi. Funfuna kuwa ta iya riƙe ruwa da manne wa dutse da yi wa abokiyar zamanta inuwa. Su biyun tare suna rayuwa a kan tsandaurin dutse inda ba wadda za ta iya ita kaɗai.

Cikin 1878, a taron masana da likitoci na Jamus a garin Kassel, ya yi lacca a kan wannan, aka buga ta cikin 1879. Ya kira abin simbiyosis, daga Girkanci, ya kuma fassara shi da zaman tare na halittun da ba iri ɗaya ba. Don a ba kowa haƙƙinsa, Albert Frank ya riga ya yi amfani da kalma mai kama da ita cikin 1877, wani masanin dabbobi ɗan Beljiyam kuma, van Beneden, ya riga ya rarraba irin zaman da dabbobi ke yi da juna. Abin da de Bary ya yi shi ne ya tara su duka ƙarƙashin inuwa ɗaya.

Makiyayi ba ya bukatar a yi masa dogon bayanin wannan rarrabuwa, don yana ganinta a jikin saniyarsa kowace safiya. Ga kaska tana shan jini, ita ta ƙaru, saniya ta ragu. Ga balbela tana bin sawu tana cafke ƙwarin da saniya ta tayar, ita ta ƙoshi, saniya ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Na uku kuwa ido ba ya ganinsa, yana cikin tumbi, inda ɗimbin ƙananan halittu ke narkar da ciyawar da saniya ba ta iya narkarwa da kanta, su sun sami ɗaki mai ɗumi da abinci, ita ta sami ƙarfi da nono. Wannan shi ne cuɗe ni in cuɗe ka. A wurin de Bary duka ukun zaman tare ne. Cutar dankali da tsatsar alkama zaman kaska ne, liken ya fi kusa da zaman tumbi.

Ya kawo wasu misalai da shi kansa bai san iyakar ma'anarsu ba. Akwai wani ɗan tsiro mai yawo a kan ruwa, azola, wanda kowane ganyensa ke da ɗan rami, a cikin ramin kullum akwai wata ƙaramar halitta shuɗiya-kore. Ya lura ba a samun azola ba tare da wannan baƙuwa ba. Yanzu an san bakteriya ce mai kamo naitirojin daga iska ta mai da shi taki, dalilin ke nan da manoman shinkafa na Sin da Biyetnam suka daɗe suna baza azola a fadamunsu tun kafin wani ya ba su bayani.

Inda muka fi ganin hikimarsa shi ne ya ƙi ya gina katanga tsakanin waɗannan iri-irin zama. Ya nuna matakai ne, ɗaya na shiga cikin ɗaya. Ko cikin masu cutarwa ya bambanta waɗanda ba sa rayuwa sai a jikin mai rai, kamar tsatsa, da masu cin matacce kaɗai, da na tsakani waɗanda ke cin matacce amma in sun sami mai rauni su far masa. Bayan mutuwarsa marubuta da yawa suka taƙaita kalmar, suka mai da ita zaman taimakon juna kawai, littattafan makaranta da dama kuma suka bi su. A ganinmu wannan ci baya ne, kuma binciken zamani ya koma ga ma'anarsa ta fari. Bakteriyar da ke zaune lafiya cikin hanjin mutum, in ta kauce ta shiga mafitsara ko jini sai ta zama cuta. Wata funfuna mai zama a bakin mutane da yawa ba ta yin kome, ran da jiki ya yi rauni sai ta feso fari fat a harshe. Ko carki da a ke yaba wa da cire wa shanu kaska, makiyaya sun san ya kan tsaya a kan gyambo yana shan jini ya hana shi warkewa.

ƊALIBANSA

Ɗakin bincikensa ya zama mahaɗar ɗalibai daga ƙasashe da yawa, kuma an shaide shi da barin kowane ɗalibi ya bi hanyar da ta dace da shi. Millardet na Faransa, wanda ya yi karatu wurinsa a Freiburg, shi ya fito da maganin feshi na tagulla da farar ƙasa cikin 1885 don cutar inabi, maganin da daga baya ya tsare dankali daga irin bala'in Ayalan. Farlow ya kai ilmin jami'ar Harvard a Amurka. Winogradsky na Rasha a ɗakin de Bary ya gano cikin 1887 cewa akwai bakteriya mai samun ƙarfinta daga farar wuta.

Wanda aikinsa ya fi shafar gonakinmu shi ne Woronin, wani ɗan Rasha. Cikin 1866 ya yanka 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar dangin wake ya ga cike su ke da ƙananan halittu. An ɗauka wata cuta ce. Cikin 1886 Hellriegel da Wilfarth suka nuna cewa ta waɗannan ƙulle-ƙulle ne dangin wake ke samun naitirojin daga iska, wanda shi ne kashi 78 cikin ɗari na iskar da mu ke shaƙa, amma shuka ba ta iya ɗaukarsa da kanta. Shukar na ba bakteriyar sukari da ɗaki, ita kuwa tana biyan haya da taki. Wannan shi ne asirin abin da kakanninmu suka daɗe suna yi na shuka wake cikin gero, da juya gona tsakanin gyaɗa da dawa. Malamin da ke son yara su gani da idonsu sai ya tumɓuko gindin gyaɗa ɗaya sa'ad da ta fara fure, ya wanke saiwar, ya tsaga ƙulli guda da reza. In cikinsa ja-ja ne kamar nama, bakteriyar na aiki. In fari ne ko kore, ba ta fara ba ko kuwa ta gama.

Shi kansa de Bary bai daina aiki ba. Cikin 1877 ya buga babban littafi a kan ginin jikin tsirrai, cikin 1884 ya sabunta littafinsa na funfuna ya ƙara da bakteriya, a shekarar kuma babbar ƙungiyar masana ta Landan ta zaɓe shi cikin membobinta na ƙasashen waje. Cikin 1886 ya nuna cewa wata funfuna mai ruɓar da karas da wake ta kan tura wani ruwa gabanta, ya narkar da jikin shukar ya kashe shi, sa'an nan ita ta biyo baya ta ci. Daga nan aka fara tambayar da wane makami ƙwayar cuta ke yaƙi, tambayar da har yanzu masana ke bi.

Ana cikin haka wani ƙari ya fito masa a muƙamuƙi. Aka yi masa babban aiki, bai yi amfani ba. Ya rasu a Strasbourg ran 19 ga Janairu 1888, saura mako guda ya cika shekara 57. Cikin wannan shekara ce Beijerinck na Holan ya ware bakteriyar saiwar wake ya raine ta ita kaɗai a ɗakin bincike, abin da de Bary bai rayu ya gani ba. Birnin Strasbourg ya koma hannun Faransa bayan yaƙin duniya na farko, cikin 1918, amma lambun tsirran da aka kafa wa jami'ar a ƙarƙashin kulawarsa yana nan, a cikinsa kuma akwai wani tsohon ɗakin gilas na rainon tsirran ƙasashen zafi da a ke kira da sunansa.